Shagon maganin dabbobin da ya koya min ɗura wa kaza magani

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwon kaji a tsakar gida, musamman matan Damagaram da kewaye. Yau dai na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a wani shagon sayar da maganin dabbobi da ke nan cikin gari, ba nisa da Kasuwar Dole, don mata da yawa a unguwarmu suna tambayata ina nake sayen maganin kajina, kuma me ya sa nake biyan kuɗin kabu-kabu in je har can alhali ga masu tebur nan ko'ina suna sayar da kafso. Ban sa sunan shagon ba don kar wani ya ce talla aka biya ni in yi. Ni dai na yaba da su, kuma ba wai don maganinsu ya fi na kowa arha ba, a'a, don su ne suka tsaya suka nuna min da hannu yadda ake sa magani ya shiga cikin kazar da ta ƙi sha. Akwai kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba, su ma zan faɗa.

Kazar da ta kai ni wurinsu baƙa ce mai ɗigon fari a wuya, irin tamu ta gida, uwa ce ta gaske, in ta kwanta kan ƙwai da wuya ki ga ɗaya ya yi dungu, in kuma ta fito da ƴan tsaki ko shirwa sai ta yi shawara kafin ta sauko. To wannan zafin nata da yake min amfani kullum shi ne ya zama matsala da ta kamu da ciwo. Fuskarta ta kumbura ta gefe ɗaya, idon wajen ya rufe ruf, majina mai wari tana fita ta hanci, tana atishawa tana girgiza kai, da dare in gida ya yi tsit sai ki ji numfashinta yana kurkur. Ta bar cin tsaba, ta koma gindin bango ta takure. Amma duk da haka in kin miƙa hannu za ki kama ta sai ta zabura, ta caka miki baki, ta yakushe ki da ƙafa, ta buga fukafukai ta kufce. Wanda bai yi kiwo ba zai ce ai kaza ce kawai, mene ne wahalar ba ta magani, wallahi mai kiwo ya san ba haka ba ne.

Abin da akasarinmu muka saba shi ne a sayo garin magani a zuba a ruwan shan kaji a ajiye musu. Wannan yana yi in kajin a kulle suke kuma har yanzu suna sha. Amma kazar gida mai yawo fa? Masu lafiya su ne za su zo su shanye ruwan maganin, ita marar lafiyar tana can gefe ido a rufe ko ganin kwanon ba ta yi, in ma ƙishirwa ta dame ta ta ɗanɗana ta ji ɗaci sai ta tafi gindin randa ko wurin wanke-wanke ta sha na can. Sai ki ga an yi kwanaki ana ba da magani, kuɗi sun tafi, wadda aka saya dominta ko ɗigo bai shiga cikinta ba, a ƙarshe a ce maganin ne ba shi da kyau.

Shagon ba babba ba ne, ɗaki ɗaya ne da kanta da firigo a lungu, amma a share yake kuma an raba kayan, na shanu da raƙuma gefe guda, na awaki da tumaki gefe guda, na kaji da zabi nasu wajen daban. Mutum biyu ne, likitan dabbobin kansa wanda dattijo ne, da wani matashi da ke taimaka masa. Abu na farko da ya burge ni, da matashin ya hango ni da kwali a hannu ya ji motsin kaza a ciki bai bari na shigo da ita ba, ya ce Hajiya don Allah ki tsaya nan inuwa in kira likita, akwai masu kaji da ke shigowa kar ta shafa musu. Likita ya fito ya same ni a waje, muka gaisa, sannan ya fara tambaya. Tun yaushe ta fara, kashinta wane kala ne, kore ne ko fari ko da jini, wuyanta ya murɗe ko bai murɗe ba, akwai wadda ta mutu a gidan ko a maƙwabta, na sayo sabuwar kaza daga kasuwa kwanan nan, tana yin ƙwai yanzu ko ta tsaya. Ku gaya min wane mai tebur ne zai yi muku tambaya ɗaya daga cikin waɗannan? Da kin ce kaza ba lafiya ya ƙirgo miki kafso mai ja da ɗorawa ya karɓi kuɗinsa shi ke nan.

Tambayar sabuwar kaza kuwa ta dace, don a kwanakin an kawo mana zakara kyauta daga ƙauye kuma yana ɗan atishawa. Likita ya ce abin da ya gani ya yi kama da murar nan ta kaji mai kumbura fuska, wadda ƙwayar bakteriya ke kawowa, kuma tana jin magani in an kama ta da wuri. Ya kuma ja min kunne a kan abu ɗaya, ya ce in na wayi gari na ga kaji suna zubewa da yawa lokaci guda, to kar in ɗauko su in kawo shago, kar in yanka, kar in bar yara su taɓa, in je in sanar da ma'aikatar kiwo. Mu mutanen jihar Damagaram wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, a watan Fabrairun 2006 a Magaria aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna yadda kasuwar kaji ta mutu da yadda mutane suka tsorata.

Sannan ya sa ta cikin ƙaramin buhu ya rataya a sikeli, ta wuce kilo 1 da kaɗan. Ya ce da nauyi ake auna magani, ba da ido ba. Kajinmu na gida ƙanana ne, ba kamar na gidan gona ba, abin da zai yi wa babbar kazar turawa daidai zai iya yi wa tamu yawa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Da ya ba ni sashen garin maganin, wato ƴar ledar da aka ƙunsa shi a ciki, mai oxytetracycline ne, maganin kashe bakteriya, haɗe da bitamin, na ce masa likita, maganin na gani, amma wannan kazar ba ta kamuwa kuma ba ta sha. Bai ce min ki yi ƙoƙari kawai ba. Ya ce wa matashin ya kawo benci da tsohon tawul da sirinji ƙarami mai mililita 1, ya cire allurar ya ajiye, ya ce in zauna ni zan yi da hannuna shi yana kallo.

Da farko naɗewa. Ya shimfiɗa tawul ɗin, ya haɗa fukafukanta a jikinta yadda suke in tana tsaye, ya naɗe ta har ƙafafu, kai kawai ya bari a waje. Wallahi nan take ta yi laushi, kazar da ta gagari gida guda. A gida tsohon zane ma ya isa. Amma ya ce kar a ɗaure tamau kuma kar a matse mata ƙirji da hannu ko da cinya, don kaza da motsin ƙashin ƙirjinta take jan iska, in kin danne wurin kin hana ta numfashi ke nan, ke kina ganin kin riƙe ta da kyau ita tana shaƙewa. Ya ce kuma kar a kwantar da ita rigingine, kar a riƙe ta ta ƙafa kai a ƙasa yadda ake ɗauko su daga kasuwa, don abin da ke cikin ƴar jakar nan ta gindin wuya inda tsaba ke taruwa zai iya dawowa baki ya faɗa hanyar iska. A zaune take a kan cinyata, jikinta a jingine da cikina, hannuna na hagu ya zagayo ta baya ya riƙe kai.

Buɗe bakin shi ne inda na fi tsoro. Ya nuna min in sa babban yatsa da manuni a kusurwar bakin nan biyu in ɗan danna a hankali, ko in ja jan naman nan da ke reto ƙarƙashin bakinta ƙasa kaɗan, sai bakin ya buɗe da kansa, sannan in sa gefen yatsa tsakani kar ta rufe. Da bakin ya buɗe sai ya kunna fitilar wayarsa ya haska ciki ya ce Hajiya duba nan. A bayan harshen, daidai tsakiya, akwai wata ƴar ƙofa doguwa kamar tsagar maɓalli, tana buɗewa tana rufewa duk lokacin da ta ja numfashi, jajir da ita tana ɗan sheƙi. Na daɗe ina kiwo, na fige kaji ba adadi, amma ban taɓa ganin wannan ƙofar tana motsi a jikin mai rai ba. Ya ce wannan ita ce hanyar huhu, duk abin da ya faɗa nan ba ciki ya tafi ba, kuma kaji da yawa da ake cewa ciwo ya kashe su ɗurar ruwa ce ta kashe su, an buɗe baki an kwarara da cokali ko da murfin kwalba ya bi ta nan. Hanyar abinci tana bayan ƙofar nan ne, kuma ta gefen daman kazar take gangarawa a wuya. Saboda haka bakin sirinjin ta gefe ake shigar da shi, a bi da shi ta gefen damanta har ya wuce ƙofar, sannan a danna kaɗan, a zare, a saki kan ta haɗiye da kanta, a sake. Ba a dannawa duka lokaci guda. In kin ga ta fara tari ko tana buɗe baki tana neman iska ko ruwa ya fito ta hanci, ki tsaya nan take ki sunkuyar da kanta ƙasa kaɗan ki bar ta ta huta.

Hannuna yana rawa na yi na farko, ya ce a'a ƙara shigar da shi gefe, na gyara, na danna, sai na ga maƙogwaronta ya motsa ta haɗiye. Wallahi daɗin da na ji Allah kaɗai ya sani. Ya ce wanda hannunsa bai saba ba kuma yana jin tsoro, akwai hanya mai sauƙi ko da yake tana cin lokaci, kar ma a buɗe bakin, a riƙa ɗiga maganin ɗigo ɗaya ɗaya a gefen bakin inda na sama da na ƙasa suka haɗu, ruwan zai silale ciki ita kuma za ta riƙa taunawa tana haɗiyewa. Mililita 1 wajen ɗigo 20 ne, to kin ga sai da haƙuri, amma babu haɗarin shaƙewa sosai. Wannan hanyar ita na koya wa ɗiyata saboda ranar da ba na gida.

Batun kamawa ma ya ba ni dabarar da ta raba ni da guje-guje. Ya ce kar a bi kaza marar lafiya da gudu da rana, tana haki ga zafin garin nan, jikin kaza dama zafinsa wajen digiri 41 ne kuma ba ta yin zufa, in aka haɗa mata ciwo da tsoro da rana sai ta faɗi. A bari sai bayan magariba sun shiga akurki, ko da asuba kafin gari ya waye, kaza ba ta gani sosai a duhu, sai ki sa hannu biyu ki ɗauke ta salin alin. Bayan haka ma ya ce in ware ta a babban kwando ko kwali mai huji a inuwa, da ruwanta da abincinta ita kaɗai, ta yadda ba sai an kama ta kullum ba kuma ba za ta shafa wa sauran ba.

Garin maganin ya auna min a gabana abin da zan kaɗa a ruwa da yawan da zan ja a sirinji safe da yamma, ya rubuta a jikin kwalin da lambobi manya. Ya ce kullum sabo za a kaɗa, wanda ya kwana a zubar, a ajiye a inuwa a cikin roba mai tsabta ba gwangwani mai tsatsa ba. Na san ruwa a Damagaram ba abin zubarwa ba ne, duk wadda ke sayen bido wajen ƴan ga-ruwa ta san haka, amma na kaza ɗaya ko rabin kofi bai kai ba. Wani abu kuma da ban taɓa ji ba sai a wurinsa, na tambaye shi ko zan iya ɓoye maganin a cikin fura da nono tunda tana so, ya ce a'a, irin wannan maganin ba ya shiri da nono ko madara, sinadarin kalsiyam da ke ciki yana kama shi ya hana jiki ɗauka. In za a ɓoye a abinci to a ɗan dunƙulen tuwo ko jiƙaƙƙiyar dusa kaɗan wadda za ta cinye duka a gabanki. Ita dai tawa wannan bai yi mata ba, tana cakar gefe ta bar inda maganin yake, sirinjin ne ya fitar da mu. Idon kuma ya ce in riƙa goge shi da auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan, in cire ruɓar da ta taru a hankali.

Ya kuma nanata min abu biyu. Na ɗaya, ko na ga ta warware kar in tsayar da maganin sai kwanakin da ya rubuta sun cika, don tsayarwa a rabi shi ke sa ciwon ya dawo kuma maganin ya daina ji. Na biyu, ƙwanta da namanta ba a ci tana kan magani, har sai kwanakin jira da ke rubuce a jikin sashen sun wuce. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai, don a gidajenmu ƙwan nan yara ƙanana ake soya wa, kuma al'adarmu da an ga kaza ta ƙi tashi sai a ce a yanka kar ta yi mushe, bayan an cika ta da kafso jiya jiya. Maganin yana nan a jikinta, mu ne za mu ci shi.

Na tambaye shi batun barkono da sassaƙen maɗaci da iyayenmu ke jiƙa wa kaji, kuma na ji daɗin yadda ya amsa, bai yi dariya ba bai raina ba, ya ce shi ma a gidansu haka aka yi, amma barkono ba ya kashe ƙwayar wannan ciwon, kuma ɗura ruwan barkono a bakin kazar da ke numfashi da ƙyar ƙara mata wahala ne. Kafson mutane na tebur kuwa shi ne ya fi yi wa faɗa, ya ce ba a san ƙarfinsa ba, ya sha rana a kan tire, wani ma ya yi perime, wato wa'adinsa ya wuce, kuma an auna shi ne don mutum mai kilo 60 ko 70 ba don tsuntsuwa mai kilo 1 ba. Ni ma ra'ayina ke nan yanzu, arhar nan tasu ba arha ba ce.

Alhamdulillahi kazar ta tashi. Kumburin ya fara sacewa, warin ya ragu, idon ya buɗe kaɗan kaɗan, ranar da na watsa mata hatsi na ga ta sa ƙafa tana tono na san an wuce wurin. Amma da na koma na gaya masa bai ɓoye min gaskiya ba, ya ce kazar da ta yi irin wannan murar ko ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, tana iya shafa wa wasu musamman in sanyi ya shigo ko jikinta ya yi rauni, don haka in sa ido, kuma duk sabuwar kaza da za ta shigo gidan, ta kyauta ce ko ta kasuwa, a ware ta sati 2 tukuna. Mai son ciniki kawai ba zai gaya miki haka ba, zai bari ki dawo ki sake saye.

Da ta murmure sosai na karɓi maganin tsutsar ciki na sauran kajin duka, ƙwayar nan VPV ta kamfanin Laprovet na Faransa, wadda ake ba da ƙwaya 1 ga kilo 2 na nauyi, ke nan yawancin kajinmu rabi ne nasu. Matashin ne ya nuna min wannan, kuma ƙwaya ta fi ruwa sauƙi nesa ba kusa ba. A naɗe kazar, a buɗe baki, a tura rabin ƙwayar can ciki ta gefe da ɗan yatsa, a rufe bakin a riƙe, a shafa wuyan daga sama zuwa ƙasa. Sai dai ki tsaya ki duba ƙasa bayan kin sake ta, don akwai masu wayon da za su riƙe ta a baki, da kin juya su girgiza kai su watsar.

Kuɗi kuwa, sashen maganin da sirinji da ƙwayoyin tsutsa duka ba su kai jika biyu ba, kuma duk zaman nan da ya yi yana koya min ko dala bai karɓa ba. In kin kwatanta da kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa yanzu, balle gab da salla, kin san ba a yi asara ba. Gaskiya ne kayansu sun ɗan fi na cikin kasuwa tsada, kuma ba sa ragi, ko kin yi magiya sai dai su ba ki haƙuri.

To ga inda ban ji daɗi ba. Likitan ba kullum yake zama ba, yakan fita ƙauyuka duba dabbobi, in kin tarar da matashin shi kaɗai yana da ladabi da ƙoƙari amma akwai tambayar da sai ya ce ki dawo, lambar wayar da ke jikin ƙofa kuma sau da yawa tana ta ƙara ba a ɗauka. Ranar Alhamis kar ma ki soma in koyo kike so, ranar kasuwa ce, mutanen Mirriah da Droum da sauran ƙauyuka sun cika wurin da maganar shanu da tumaki, mai kaza ɗaya sai ta yi ta tsayuwa, kuma babu wurin zaman mata sai bencin nan guda. Da rana tsaka suna rufewa ba su da tsayayyen lokacin dawowa. Sannan duk bayanin da ke jikin magungunan da Faransanci ne, ƙananan rubutu, mata nawa ne a cikinmu za su karanta? Ni ya rubuta min a kwali, amma na ga wata baiwar Allah da aka miƙa wa sashe aka yi mata bayani da baki cikin hayaniya ta tafi, ban tabbata ta riƙe ba. Da za su buga ƴar takarda da Hausa, ko da boko ko da ajami, mai hoton cokali da kofi da yawan kwanaki, da sun taimaki mutane ƙwarai.

Babban abin da ya fi damuna shi ne rigakafi. Kowa ya san annobar nan ta lokacin hunturu da ke share akurki gaba ɗaya, kore-koren zawo, wuya ya murɗe, kaza tana juyi tana faɗuwa, wadda likitoci ke kira Newcastle. Likita ya gaya min ƙarara cewa wannan ba ta da magani, ƙwayar bairos ce, duk sirinjin da za ki ɗura da duk kafson duniya ba za su tsayar da ita ba, rigakafi ne kaɗai kuma tun kajin suna da lafiya. Suna da allurar rigakafin mai suna ITA-NEW a firigo, rabin mililita ake yi wa kowace kaza, kuma na ga suna kula da sanyin, akwai robobin ƙanƙara jere a ciki saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, in za ka tafi da ita ma sai ka zo da kula mai riƙe sanyi ko su ƙi ba ka. Wannan na yaba. Amma kwalbar ta kaji 100 ce, kuma ba sa buɗe ta saboda mai kaji goma, sai dai ki sayi kwalbar duka ko ki haɗo maƙwabta, zuwa gida kuma sai kin biya kuɗin man babur. Na fahimci dalilinsu, kwalbar da aka buɗe ba ta jira, amma mu masu kaji kaɗan kaɗan mu ne muka fi yawa a garin nan, kuma mu ne annobar ke gamawa da mu duk shekara.

Mu a layinmu mun yi magana da matan maƙwabta, za mu haɗa kuɗin kwalba da na mai a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta taso, matashin ya zo da asuba kajin suna cikin akurki ya bi gida gida. Roƙona ga masu shagon shi ne su ware rana ɗaya a wata, su sanar a rediyo ko a masallatai cewa ranar kaza za a buɗe kwalba a unguwa kaza, Birni ko Zengo ko Garin Malam ko Kara-Kara, kowa ya kulle kajinsa ya biya na kai ɗaya ɗaya. Na gaya wa likitan haka baki da baki, ya ce zai duba, kuma in na je sayen bitamin zan sake tuna masa.